Shekarun da Na Yi Ina Neman Abin da Ke Riƙe da Jiki

Ranar da aka fara ba ni damar taɓa ƙwayoyin halitta masu rai da hannuna, aikin da aka ɗora mini shi ne mafi ƙanƙanta a ɗakin gwaje-gwajen, wato in ɓamɓare su daga farantin da suka cika in mayar da kaɗan daga cikinsu sabon faranti. Ƙwayoyin irin waɗanda ake kira MDCK ne, waɗanda aka ciro kakanninsu daga ƙodar wata macen kare a 1958, kuma har yau zuriyarsu ake reno a ɗakunan bincike da yawa na duniya. Da na leƙa ta madubin ƙara girma, sai na ga sun yi shimfiɗa ɗaya tak, kowace ta jingina da maƙwabtanta biyar ko shida kamar saƙar zuma, babu ko ƙofar allura a tsakaninsu. Na tsiyaye ruwan abincinsu, na ɗauraye su, na zuba musu ruwan tirifsin, sinadarin da ke narkar da furotin, mai haɗe da wani sinadari da ake kira EDTA, kamar yadda aka koya mini, na mayar da su akwatin reno mai ɗumin digiri 37. Bayan kamar minti goma na sake dubawa, sai ga tsage-tsage masu haske sun buɗe a tsakaninsu, kowace ƙwaya ta janye gefunanta ta dunƙule, kuma da na ɗan buga gefen farantin da tafin hannu sai duk suka taso suna yawo a cikin ruwa, ɗaya-ɗaya, kamar ba su taɓa sanin juna ba. Kwana uku bayan haka, 'yan kaɗan ɗin da na zuba a sabon faranti sun hayayyafa, sun nemo juna, sun sake ɗinke shimfiɗar nan yadda take. Waɗanda suka riga ni a ɗakin suna yin wannan aiki sau biyu a mako suna hira, ba ya ɗaga musu gira. Ni kuwa daga wannan rana tambayar ta shiga raina, kuma a kanta na ƙarar da ƙuruciyata: mene ne yake riƙe ƙwaya da 'yar'uwarta har jiki ya tsaya a matsayin jiki?

Malamin da ya karɓe ni mutum ne mai son tarihin fanni, kuma kafin ya bar ni in tsara gwaji ko ɗaya sai da ya sa na karanta tsofaffin ayyuka. Na fara da H. V. Wilson, wanda a 1907 ya matse soson teku ta cikin ƙyallen siliki mai laushi har ya wargaje zuwa ƙwayoyi, sannan ya zuba ido ya ga sun sake tattaruwa sun zama ƙananan sosuna masu rai. Daga nan na je ga Townes da Holtfreter, waɗanda a 1955 suka wargaza sassan ɗan tayin dangin kwaɗi suka cakuɗa ƙwayoyin, amma sai kowane iri ya koma mazauninsa: masu zama fata suka fito waje, masu zama ƙwaƙwalwa da laka suka nutsa ciki. A 1963 Malcolm Steinberg ya kawo bayanin da ya mamaye fannin shekaru da dama. Ya ce ƙwayoyin ba sa buƙatar sanin inda za su, abin da kawai ake buƙata shi ne wasu su fi wasu ƙarfin mannewa, domin idan aka cakuɗa su, masu ƙarfin riƙo za su dunƙule a tsakiya su bar masu rauni a kewaye, kamar yadda mai da ruwa suke rabuwa komai kaɗawar da aka yi musu.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na Masatoshi Takeichi. A Kyoto ya saba ganin ƙwayoyin da ya raba da tirifsin suna sake haɗuwa, amma da ya je wani ɗakin bincike na Cibiyar Carnegie a Baltimore sai suka ƙi haɗuwa ƙememe. Maimakon ya ɗora laifin a kan sabon wuri ya wuce, sai ya bi diddigi har ya gano cewa ruwan tirifsin na can yana ɗauke da EDTA, sinadarin da ke kame kalsiyam. Ashe akwai wani furotin a fatar ƙwaya wanda kalsiyam ke kare shi daga tirifsin, kuma shi ne mai riƙon. Ya buga wannan a 1977, kuma a 1984 aka raɗa wa furotin ɗin suna kadirin. Daga baya aka san siffarsa: gaɓoɓi biyar ne a jere suke leƙowa waje daga fatar ƙwaya, a kowace mahaɗa kalsiyam uku ke zama su miƙar da shi kamar sanda, kuma kan sandar yana saƙalewa da kan takwararsa na ƙwayar da ke maƙwabtaka. Idan aka zare kalsiyam sai sandar ta yi laƙwas. Da na karanta wannan sai na fahimci cewa abin da na gani a makona na farko shi ne gwajin Takeichi, ina yin sa ban sani ba.

Duk wannan karatu ya dasa mini hoto guda a kai, cewa kadirin gam ne, kuma aikina shi ne in gano yadda ake shafa gam ɗin da yadda yake bushewa. Littattafan karatu na lokacin suna da wani zane da kowane ɗalibi ya haddace: wutsiyar kadirin da ke cikin ƙwaya tana riƙe da beta-katenin, shi kuma yana riƙe da alfa-katenin, shi kuma alfa-katenin yana riƙe da zaruruwan aktin, waɗanda su ne ƙashin bayan ƙwaya. Sarƙa ce mai zobe huɗu, a miƙe, babu wata tantama a cikinta. A kan wannan zane na gina aikin digirina na uku. Ina renon ƙwayoyin a ruwan da aka rage wa kalsiyam har su saki juna, sannan in mayar musu da shi in bi da kyamara yadda mahaɗarsu ke ginuwa awa bayan awa, ina neman sanin wane zobe ne ke fara zuwa.

Ina tsakiyar wannan aiki ne a 2005 ɗakunan binciken James Nelson da William Weis na Jami'ar Stanford suka fitar da maƙaloli biyu da suka girgiza mu. Sun tace furotin ɗin huɗu, sun haɗa su a bututun gwaji, sarƙar ta ƙi ƙulluwa. Alfa-katenin yana iya riƙe aktin, yana kuma iya riƙe beta-katenin da kadirin, amma bai yarda ya riƙe duka biyu da ƙarfi a lokaci guda ba. Na tuna yadda malamina ya ajiye takardun a kan teburina ya ce, "Karanta ki faɗa mini inda suka yi kuskure." Na kwana biyu ina nema ban samu ba, domin aikin tsaf yake. Amma kuma idona yana ganin aktin yana taruwa a mahaɗar ƙwayoyina kullum, kuma an san cewa idan aka cire alfa-katenin shimfiɗar ba ta tsayawa. Abu biyu ne kowanne da hujjarsa, suna ƙaryata juna, ni kuma babi uku na kundina suna tsaye a kan zanen da aka ce ba haka yake ba. A tarurrukan shekarun nan mutane sun rabu gida biyu, har na ga manyan da nake jin nauyinsu suna ɗaga wa juna murya a kan zobe ɗaya na sarƙa.

A wannan tsakani ne na tafka kuskuren da har yau nake ba ɗalibaina labarinsa. Akwai wani magani da ake kira bilebistatin, wanda aka bayyana a 2003, yana tsayar da mayosin, wato furotin ɗin da ke jan zaruruwan aktin kamar yadda yake yi a tsokar hannu. Na yi tunanin in zuba shi in ga ko mahaɗa za ta ginu ba tare da ja ba. Kadirin ɗin ƙwayoyina an liƙa masa wani furotin mai ƙyallin kore domin a iya ganinsa, kuma da shuɗin haske ake tayar da ƙyallin. Duk lokacin da na zuba maganin na fara ɗaukar hoto, sai mahaɗun su yayyage, ƙwayoyin su kumbura su mutu. Na yi murna ƙwarai, na ɗauka na gano cewa ƙwaya ba ta rayuwa idan babu ja a mahaɗarta, na maimaita gwajin wata da watanni, na zana jadawali, har na gabatar a taron sashe. Bayan taron ne wata dattijuwa mai kula da kayan aikin ɗakin, wadda ta shekara fiye da ashirin tana wannan aiki ba a taɓa sa sunanta a gaban maƙala ba, ta same ni ina wanke kwalabe ta ce, "'Yata, da wane haske kike ɗaukar hotunan nan?" Na ce da shuɗi. Sai ta buɗe firji ta nuna mini bututun maganin, wanda ita da kanta ta naɗe shi da takardar alminiyam, ta tambaye ni ko na taɓa tunanin dalilin naɗewar. Shuɗin haske yana lalata bilebistatin, kuma a yayin lalacewar yana zama guba ga ƙwaya. An riga an buga wannan gargaɗi, ni ce ban karanta ba. Abin da na shafe watanni ina aunawa shi ne yadda fitilar madubina ke kashe ƙwayoyi. Na koma gaban mutanen da suka tafa mini na janye maganata, kuma ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Duk da haka kuskuren ya bar mini wani abu. Da na sauya furotin mai ƙyallin na sake gwajin da jan haske, wanda ba ya taɓa maganin, ƙwayoyin ba su mutu ba, amma mahaɗunsu sun kasance a sake, a karkace, ba su miƙe sun yi kauri kamar na sauran ba. Wasu ɗakunan bincike ma suna ba da rahoton irin wannan a lokacin. Gam ba ya buƙatar a ja shi kafin ya kama, to me ya sa wannan yake buƙata? Da na kai maganar gaban wani babba a kwamitin da ke duba aikina, na ce ina so in auna ƙarfin da ke kan mahaɗar, sai ya yi murmushi ya ce wannan aikin injiniyoyi ne, masanin halitta furotin yake nema. Ban yi masa musu ba, domin sa hannunsa nake jira. Amma da na kammala, cikin ikon Allah, sai na nemi gurbi a ɗakin binciken da rabin mutanensa masana kimiyyar lissafi da ƙarfi ne, waɗanda ba su san sunan furotin ko goma ba.

Shekarar farko a can ta yi mini wuya, domin na koma ɗaliba bayan ina ganin na zama gwana. Abu na farko da suka tambaye ni shi ne taurin farantin da nake renon ƙwayoyina a kai, ni kuwa ban taɓa tunanin cewa faranti yana da wani hali da ya shafi gwaji ba. Sai suka nuna mini lissafi: a ma'aunin tauri, ƙwaƙwalwa ba ta wuce kilofaskal 1 ba, tsoka tana wajen 10, amma robar faranti tana cikin gigafaskal, wato ta fi naman jiki mai laushi tauri har kusan sau miliyan. Kenan duk shekarun da na yi ina kallon ƙwayoyi, a kan dutse nake kallonsu. Suka ba ni aikin Albert Harris na 1980, wanda ya ɗora ƙwayoyi a kan siririyar fatar silikon ya ga suna tattare ta tana yamutsewa a ƙarƙashinsu, shaida ta ido cewa ƙwaya tana jan abin da ta taka. Suka ba ni na Pelham da Wang na 1997, inda aka nuna cewa tafiyar ƙwaya da riƙonta suna sauyawa da taurin shimfiɗa. Sannan na ɗakin Dennis Discher na 2006, inda ƙwayoyin asali na ɓargo suka karkata zuwa kamannin ƙwayoyin jijiya a kan shimfiɗa mai laushi, na tsoka a kan matsakaiciya, na ƙashi a kan mai tauri, alhali ruwan abincinsu ɗaya ne. Riƙon da ƙwaya ke yi wa shimfiɗarta ba ta hannun kadirin yake bi ba, wani dangin furotin ne mai suna intagirin, wanda mutum yake da iri 24 nasa, kuma binciken da Richard Hynes da Erkki Ruoslahti da Timothy Springer suka yi a kansa ne ya kai su ga lambar yabo ta Lasker a 2022. Masu nazarin intagirin sun riga mu, mu masu kadirin, yarda da maganar ƙarfi da shekaru masu yawa.

A nan na koyi sana'ar da ta zama tawa, wato auna jan ƙwaya. Ana haɗa wani jel na akirilamaid, a daidaita taurinsa ta hanyar sauya ma'aunin sinadaransa biyu, a barbaɗa masa ƙananan ɗigo masu ƙyalli waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, a shafe samansa da furotin ɗin da ake kira kolajin domin ƙwaya ta sami abin kamawa. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa iska tana hana jel ɗin daskarewa, ruwan akirilamaid ɗin kafin ya daskare guba ne ga jijiyoyi, kuma idan ɗigon suka nutse ƙasa maimakon su tsaya kusa da sama, aikin ranar ya tashi a banza. Idan komai ya yi daidai, sai a ɗora ƙwayoyi su kwana, a ɗauki hoton ɗigon yayin da ƙwaya ke jan jel ɗin, sannan a zo wurin da ke tsayar da numfashi: dole a zuba tirifsin a cire ƙwayar tana nan a kan madubin, ba tare da farantin ya gusa ko da gashi ɗaya ba, domin a ɗauki hoto na biyu na jel ɗin bayan ya saki jiki. Bambancin mazaunin ɗigon a hotunan biyu shi kwamfuta ke juyawa zuwa taswirar ƙarfi. Na sha ɓata aikin yini guda saboda bakin bututun ɗiban ruwa ya gogi gefen faranti. Har na saba in dafe gwiwar hannuna a kan tebur, in riƙe numfashi, in saki ruwan ɗigo-ɗigo a cikin duhu, ina kallon allo ina jiran ɗigon su ja da baya a hankali yayin da ƙwayar ke sakin su.

Dabarar da muka so yi da wannan kayan aiki mai sauƙi ce, kuma wani abokin aikina masanin lissafi ne ya zana mini ita a bayan takarda. Ƙwaya ɗaya da ke zaune ita kaɗai, idan aka tara duk jan da take yi wa shimfiɗa ta kowace fuska, dole jimillar ta zama sifili, in ba haka ba da ta tashi ta yi gaba. Amma idan biyu ne manne da juna, jimillar kowace ɗaya ba za ta zama sifili ba, kuma ragowar ita ce daidai ƙarfin da 'yar'uwarta ke jan ta da shi ta mahaɗarsu. Muna cikin tattara bayanai wasu ƙungiyoyi biyu suka riga mu bugawa, ɗaya a 2010, ɗaya a 2011, kuma na biyun da ƙwayoyin MDCK ɗin nan nawa suka yi, suka sami ja na kimanin nanoniyutan 100 tsakanin ƙwaya biyu, wato kashi 100 cikin biliyan na niyutan, ma'aunin ƙarfi. Babu wanda ya zalunce mu, tunani ne da lokacinsa ya yi, kowa ya hango shi. Amma na yi kuka a ranar, kuma aikin namu ya ƙare a wata ƙaramar mujalla a matsayin tabbatar da abin da wasu suka faɗa. Yanzu ina ganin irin wannan tabbatarwa tana da daraja fiye da yadda masu ba da kuɗin bincike suke ɗaukarta, amma wannan ra'ayi bai biya mini kuɗin haya a lokacin ba.

Shekarun nan ne amsar rikicin 2005 ta fara fitowa, gutsure-gutsure, daga wurare dabam-dabam. A 2009 aka kama talin guda ɗaya, furotin ɗin da ke haɗa intagirin da aktin, aka ja shi, aka ga yana warwarewa yana buɗe wuraren da wani furotin mai suna binkulin ke kamawa, wuraren da suke a ɓoye muddin ba a ja ba. A shekarar ne kuma Xavier Trepat da abokan aikinsa suka nuna cewa shimfiɗar ƙwayoyi da ke tafiya ba na sahun gaba kaɗai ke jan ta ba, ja-in-ja ne da ya ratsa sahu da yawa zuwa ciki. A 2010 Shigenobu Yonemura ya nuna cewa alfa-katenin ma haka yake, ja ne ke buɗe shi ya kira binkulin ya ƙara wa mahaɗa ƙarfi. Sai a 2014 mutanen Stanford ɗin nan da suka karya sarƙar suka dawo suka ƙulla ta da hannunsu, tare da masu aiki da tarkon haske, na'urar da ke riƙe ƙaramin ɗigo da hasken leza ta auna ƙarfi a ma'aunin fikoniyutan. Fikoniyutan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na niyutan, shi kuma niyutan ɗaya yana wajen nauyin giram 100 a tafin hannu. Da suka miƙa zaren aktin suka goga shi a kan sarƙar kadirin da katenin, sai suka ga cewa idan babu ja riƙon na ɗan ƙiftawar ido ne, amma idan aka ja, riƙon yana daɗewa.

Na karanta wannan maƙala a tsaye, ban ko cire rigar aiki ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne zarge. Igiyar da aka yi wa zarge, idan aka ajiye ta a ƙasa a sake, kowa zai iya zare abin da ke cikinta, sai an ja ta take shaƙewa. Gwajin 2005 daidai ne, domin a bututun gwaji furotin suna yawo ne a ruwa babu mai jan su. Zanen littafi ma daidai ne, domin a cikin ƙwaya mai rai mayosin ba ya daina ja. Shekara tara fannin ya yi yana jayayya saboda an bar abu ɗaya a waje da lissafi, abin da ba a iya tace shi a zuba a kwalba. Na tuna babban nan da ya ce mini aikin injiniyoyi ne, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da bai kamata mai ilimi ya ji ba.

Wannan ya taɓa har bayanin Steinberg. Ayyukan ɗakin Carl-Philipp Heisenberg a kan ɗan tayin wani ƙaramin kifi mai zane-zane, musamman na 2012, sun nuna cewa ƙarfin mannewar kadirin shi kaɗai ya yi kaɗan ya bayyana faɗin mahaɗar ƙwaya biyu. Abin da ya fi tasiri shi ne yadda kowace ƙwaya ke ɗaure fatarta da aktin da mayosin, ta kuma sassauta ɗaurin a daidai inda ta haɗu da 'yar'uwarta, kadirin kuma ya zama maɗaurin da ke haɗa igiyoyin wannan da na waccan. A ganina Steinberg bai faɗi ba, domin maganarsa cewa naman jiki yana yin hali irin na ruwa tana nan daram. Inda ƙarfin yake fitowa ne aka gyara masa.

Da na buɗe ɗakin bincike nawa, tambayar da aka fi yi mini, daga likitoci har 'yan'uwa, ita ce amfanin wannan duka ga mara lafiya. Ina da amsoshi na gaskiya. Akwai cutar fata mai suna femfigas, inda garkuwar jiki ke kai wa wani ɗan dangin kadirin hari, wato desmogilin, sai fata ta yi ta salewa tana yin bororo, kuma a 1991 aka tabbatar da furotin ɗin da ake hara. A 1998 aka gano a wasu iyalan Maori na ƙasar Niyuzilan cewa gadon lalatacciyar ƙwayar gado ta E-kadirin, wani nau'i na kadirin, yana jawo wani mugun ciwon dajin ciki, kuma wannan sani ya sa yanzu ana iya gwada 'yan irin waɗannan iyalai tun kafin ciwon ya bayyana. Shi kansa ƙullutun da mace ke lalubowa a mama, taurinsa ne ke tona shi, kuma ɗakin Valerie Weaver ya nuna a 2005 cewa taurin ba alama ce kawai ba, yana tura ƙwayoyin mama su watsar da tsarinsu. Amma na koyi in riƙa taka-tsantsan. Shekaru muna rubutawa a takardun neman kuɗi cewa ciwon daji yana yaɗuwa ne idan ƙwayoyi suka rasa E-kadirin suka saki juna, ni ma na rubuta haka ba sau ɗaya ba. Sai a 2019 ɗakin Andrew Ewald ya nuna a nau'o'in ciwon dajin mama da dama cewa ƙwayoyin da suka rasa shi sun fi kutsawa cikin naman da ke kusa, amma sun fi mutuwa a hanya, kuma masu riƙe da shi ne suka fi kafa sabon ciwo a nesa. Tun daga nan, idan ɗalibi ya kawo mini jimla mai santsi a kan ciwon daji, sai in sa ya kawo mini gwajin da aka yi a jikin dabba, ba a faranti ba.

Yawancin kwanakina yanzu a gaban kwamfuta suke ƙarewa, ina rubuta neman kuɗi, ina amsa wa masu tantance maƙala, kuma an fi ƙin buƙatata fiye da karɓarta. Hannuna ya fara mantuwa da jel. Abin da ban yarda na bari ba shi ne zama da kowane sabon ɗalibi a ranar da zai fara yanka mahaɗa da leza. Gwaji ne da masu nazarin ɗan tayin ƙuda suka yaɗa: ana auna mahaɗa ɗaya tsakanin ƙwaya biyu a cikin shimfiɗa, a harba mata haske mai ƙarfi na ɗan lokaci kaɗan, a ga abin da kusurwoyinta biyu za su yi. Saurin da suka yi wajen guje wa juna shi ke nuna yawan jan da ke kanta.

A watan da ya wuce na zauna da wata sabuwar ɗaliba a ɗakin madubi, fitilu a kashe, shimfiɗar MDCK tana ƙyalli a allo, layuka kore a miƙe, babu abin da ke motsi. Ta zaɓi layi ɗaya, ta ɗora alama a tsakiyarsa, ta danna. Layin ya tsinke, kusurwoyin biyu suka yi tsalle baya kamar an yanke tsirkiyar baka, ƙwayoyin da ke kewaye duk suka ɗan gusa. Ta juyo ta ce, "Malama, ashe dama a ɗaure suke haka?" Na ce mata ta bar kyamarar tana ɗauka. Muka zauna shiru wajen minti ashirin muna kallon koren yana sake taruwa a bakin raunin, maƙwabtan suna matsowa suna rufe gurbin. Sannan na tambaye ta ƙarfin lezar da ta sa, da ko ta gwada harba shi a wurin da babu mahaɗa domin ta tabbatar ba ƙona ƙwayar kawai ta yi ba. Ta ce ba ta gwada ba. Na miƙa mata littafin rubutunta, na ce mu sake daga farko.